Rajista ɗaya ga dukkan sassan manhaja: inda gizo ke saƙar

Duk manhajar da ta fara girma, akwai ranar da wani daga cikin masu rubuta ta zai kawo wannan shawara: me zai hana a yi wuri ɗaya da kowane ɓangare zai riƙa ajiye bayanansa, duk mai buƙata ya je can ya ɗauko? Shawara ce mai daɗin ji, kuma lissafi yana bayanta. A ce manhajar kantin magani ce mai sassa goma: mai ƙirga kayan da ke sito, mai karɓar kuɗi, mai buga rasit, mai lura da ranar lalacewar magani, da sauransu. In kowane ɓangare zai san ɗan'uwansa kai tsaye, igiyoyin da za su haɗa su za su iya kai 45. Sassan su kai ashirin, igiyoyi su zama 190. Amma in kowa wannan wuri ɗaya, wato rajista, kaɗai ya sani, igiya goma ce ga sassa goma, ashirin ga ashirin.

Rubuta ƙofar irin wannan rajista ba wani aiki ba ne. Umarni huɗu ne kacal: ajiye wannan da suna kaza, ɗauko min mai suna kaza, cire shi, sanar da ni in ya canza. Ɗalibi mai ƙwazo zai gama tsakanin azahar da la'asar. Wahalar tana cikin abin da umarnin huɗun nan suka yi shiru a kai. Wa ke da ikon raɗa suna? In na ɗauko abu, ta yaya zan san lamba ce, ko rubutu, ko wani gini mai sarƙaƙiya? Ɓangaren da ya yi ajiya ya mutu, ina makomar ajiyarsa? Biyu suka yi rubutu a wuri ɗaya lokaci ɗaya, maganar wa za a ɗauka?

Ga inda na tsaya tun da wuri. Rajistar da aka ce ta kowa da kowa ce, wadda za ta karɓi kowane irin bayani daga kowane ɓangare, dole ne ta jahilci ma'anar abin da aka ba ta. Jahilcin nan shi ne amfaninta. To amma akwai abu uku da ba a yafe mata ta jahilta: mai kayan, nau'in kayan, da lokacin da kayan za su daina aiki. Yawancin rajistocin da suka zame wa masu su alaƙaƙai, sun haɗa waɗannan ukun ne sun watsar tare da ma'anar.

Darasin Windows

Babu misalin da ya kai rajistar Windows girma da daɗewa. Microsoft ta shigo da ita a Windows 3.1 a 1992, da ɗan ƙaramin aiki: ta tuna wace manhaja ce ke buɗe wane irin fayil, da inda sassan OLE, tsarin da ke ba manhaja damar aiki da ɓangaren wata manhajar, suke zaune. Zuwa Windows NT da Windows 95 sai ta zama gidan kowa, aka kwashe saitunan da a da ke warwatse cikin ƙananan fayilolin rubutu masu suna INI aka zuba mata. Tsarinta bishiya ce mai rassa: HKEY_LOCAL_MACHINE na abin da ya shafi kwamfutar gaba ɗaya, HKEY_CURRENT_USER na wanda ke zaune gabanta a lokacin. Kowane abin da aka ajiye yana da alamar nau'i, REG_SZ ga rubutu, REG_DWORD ga lamba mai bit 32 (bit gurbi ne mai ɗaukar 0 ko 1), REG_BINARY kuwa ga duk tarkacen da rajistar ba ta da sunan da za ta kira shi.

Bari mu matsa kusa mu ga yadda ɓangare ɗaya ke samun ɗan'uwansa a tsarin COM, hanyar da Windows ke haɗa sassan manhajoji da juna. Kowane ɓangare yana da lambar shaida mai bit 128, wadda ake kira CLSID. Ranar da aka girka shi a kwamfuta, sai ya je ƙarƙashin HKEY_CLASSES_ROOT\CLSID ya buɗe reshe da lambarsa, a ciki ya rubuta hanyar da za a bi a tarar da fayil ɗinsa na DLL, wato fayil ɗin da kod ɗinsa ke ciki. Manhajar da ke son aiki da shi ba ruwanta da inda yake. Ta kira CoCreateInstance ta miƙa lambar, Windows ta duba rajista, ta loda fayil ɗin, ta haɗa su. Dabara ce mai kyau ƙwarai, kuma har yau tana aiki.

Sai dai a wancan zamanin layi ɗaya ne ga lamba ɗaya a duk faɗin kwamfutar. Ka girka manhajar lissafi, ta zo da sabon zubin wani ɓangare, ta yi rajistarsa. Bayan wata biyu ka girka manhajar zane, ita kuma tsohon zubin wannan ɓangaren take ɗauke da shi, ta ajiye shi a nata wurin, ta goge hanyar farko ta rubuta tata. Washegari manhajar lissafi ta fara tsayawa cak, alhali ba wanda ya taɓa ta. Ka fusata ka cire manhajar zanen, sai ta tafi da fayil ɗinta, layin da ke rajista ya rage yana nuna wurin da babu komai. An gudu daga gara an faɗa gidan zago. Wannan yana daga cikin abin da masu manhaja suka laƙaba wa suna jahannamar DLL.

Abin lura shi ne rajistar ba ta yi kuskure ko ɗaya ba. An ce ta ajiye ta ajiye, an ce ta ɗauko ta ɗauko. Tana ma da tsarin izini a kan rassanta, amma izinin na mutane ne masu amfani da kwamfuta, kuma duk manhajar girkawa da ikon shugaba take gudana. Abin da ba ta riƙe ba shi ne wace manhaja ce ta rubuta wane layi, da su wa suka dogara da shi. Gyare-gyaren da suka biyo baya duk a kan wannan ramin suke. Windows XP a 2001 ta ba manhaja damar zuwa da takardar bayanin sassanta a gefenta, ba sai ta shiga rajista ba. Tsarin .NET a 2002 ya sa kowane ƙunshin kod ya riƙa ɗauke da bayanin kansa. Windows Vista ta fara karkatar da rubutun tsofaffin manhajoji zuwa wani kwafi na mai amfani ɗaya, manhajar tana zaton ta rubuta a babban reshe alhali a gefe aka ajiye mata. A Windows mai bit 64 kuma aka ware reshen WOW6432Node don manhajoji masu bit 32, kada su yi karo da 'yan'uwansu.

Suna da nau'i

Hanya mafi sauƙi ita ce suna ya zama rubutu zalla, kamar "farashin_kaya". Kowa na iya ƙirƙira, kowa na iya nema. Matsalarta biyu ce. In ka yi tuntuɓen harafi ɗaya, kwamfaila, wato manhajar da ke duba kod ta juya shi zuwa abin da na'ura ke gudanarwa, ba za ta ce maka uffan ba. Sai manhaja ta isa hannun mai kanti sannan ta faɗi. Na biyu, abin da aka miƙo maka ba shi da fuska. Kai ne za ka rantse cewa lamba ce, kuma in wanda ya ajiye ya canza ta zuwa rubutu a makon jiya, rantsuwarka ta tashi a banza.

Android ta yi shekaru a haka. Mai son sanin inda waya take sai ya kira getSystemService ya ba da suna a rubuce, a dawo masa da abu marar nau'i, shi ya tilasta masa nau'in da yake zato. A Android 6.0, shekarar 2015, aka ƙara wata ƙofa da ake miƙa nau'in kansa a matsayin makulli, abin da ya dawo kuma kwamfaila ta san ko mene ne. Injinan wasanni irin su Bevy, wanda aka rubuta da harshen Rust, haka suke yi da bayanan da duk wasan ke rabawa: nau'i shi ne suna.

Wannan ma yana da iyaka. Nau'i ɗaya, abu ɗaya. Ranar da mai kantin maganin nan ya sayo firinta ta biyu, ɗaya ta rasit ɗaya ta lambar da ake manna wa kwali, tambayar "ba ni firinta" ta daina samun amsa guda. Abin da na fi amincewa da shi shi ne makulli mai ɗauke da duka biyun, suna da nau'i, kuma ɓangaren da ke da kayan shi ne kaɗai ke ƙera makullin a cikin kod ɗinsa. Duk mai son kayan sai ya shigo da makullin daga wurin mai shi. Wani zai ce ai igiyar da muka yi wahalar cirewa ta dawo. Ta dawo, amma siririya ce, kuma ana ganinta: ka nemi duk inda aka shigo da makullin, ka san duk wanda zai ji a jikinsa in ka canza wani abu. Da rubutu zalla, dogaron yana nan daram, ɓoye shi kawai aka yi.

Batun wanda ke da ikon raɗa suna kuwa an daɗe da samun maganinsa, aro ake yi daga sunayen intanet. A harshen Java ana juya sunan shafin kamfani a sa a gaban sunan ƙunshi. A Kubernetes, tsarin da ke tafiyar da manhajoji a kan kwamfutoci da yawa, sabon nau'in bayani yana shiga ƙarƙashin rukuni mai sunan shafi, kamar cert-manager.io. Tunda shafi ɗaya mai shi ɗaya ne, da wuya a yi karo.

In kuma aka yi karon fa? Harshen Go ya zaɓi tsauri. A ɗakin karatunsa na database/sql, wato tarin kod da aka riga aka rubuta don aiki da rumbun bayanai, kowane direban rumbun bayanai yana yin rajistar kansa da suna, misali "postgres", tun kafin manhaja ta fara aikinta. In direba biyu suka zo da suna ɗaya, manhajar faɗuwa take yi nan take da saƙo ƙarara cewa an yi rajistar sunan sau biyu. Wannan ya fi na Windows ɗin da muka gani nesa ba kusa ba. Faɗuwar da ta zo a daƙiƙar farko, a gaban wanda ya rubuta kod ɗin, ta fi arha a kan rubutun da aka goge shiru aka gano bayan wata biyu. Saboda haka ni a wurina "ajiye sabo" da "sauya wanda ke nan" umarni biyu ne daban, kuma na farkon ya ƙi amsa in sunan yana da mai shi.

Kayan da mai su ya tafi

Nan ne aka fi yin sakaci, nan ne kuma ya fi cancantar a daɗe.

Mai ajiyar kaya a tashar mota ba ya buɗe jakarka, bai damu da abin da ke ciki ba. Yana ɗora ta a kanta ta bakwai, ya yago maka tikiti. Ka zo ka karɓi jakarka, anjima wata mata ta kawo tata aka ɗora a kanta ta bakwai ɗin. In tikitinka lambar kanta kawai ke jiki, kuma ya manta bai karɓe shi ba, kana iya dawowa da yamma a miƙo maka jakar matar nan ba tare da kowa ya lura ba. Maganin shi ne tikiti ya ɗauki lamba biyu: lambar kanta, da lambar ajiya ta nawa ce aka yi a kantar.

Ainihin abin da EnTT ke yi ke nan, ɗakin karatu na harshen C++ da Michele Caini ya rubuta, wanda kamfanin Mojang ke amfani da shi a wasan Minecraft. Zuciyarsa wani abu ne da sunansa ma rajista. Kowane abu a cikin wasa, dabba ko kibiya ko akwati, lamba ce kawai mai bit 32. Bit 20 daga ciki lambar gurbi ce, wato gurabe miliyan ɗaya da 'yan kai. Sauran bit 12 lambar zagaye ce, mai ɗaukar ƙima 4096. Kibiya ta bugi bango aka shafe ta, gurbinta ya koma hannun rajista, lambar zagayen gurbin ta ƙaru da ɗaya. Aka haifi tunkiya aka ba ta wannan gurbin. Wani ɓangaren da ke riƙe da tsohuwar lambar kibiya ya zo tambaya, rajista ta duba ta ga gurbi ya yi daidai amma zagaye bai yi ba, ta ce masa abin nan ba ya nan. Ba don haka ba, da kod ɗin da ke tafiyar da kibiya ya kama tunkiya ya harba.

Akwai dalili na biyu da ya sa EnTT ke ba da lamba maimakon manuni kai tsaye zuwa wurin da bayanin yake a ƙwaƙwalwar kwamfuta. Tana jera bayanai masu nau'i ɗaya reras a wuri ɗaya, don injin ya bi ta kansu da gudu. In aka cire ɗaya daga tsakiya, sai ta ɗauko na ƙarshe ta toshe gurbin da shi. Wanda ya adana manuni tun ɗazu yanzu yana nuna kayan wani. Wannan tambaya ce da kowace rajista za ta amsa a rubuce: abin da na miƙo maka, kwafi ne, ko aro ne na ɗan lokaci, ko naka ne har abada? In aro ne, zuwa yaushe?

A manhajar da ke gudana cikin kwamfuta ɗaya, rajista tana iya sanin lokacin da ɓangare ya tsaya. Tsarin OSGi na Java, wanda manhajar rubuta kod ta Eclipse ta koma kansa a zubi na 3.0 a 2004, yana ɗaure kowace hidima da ƙunshin da ya yi rajistarta. Aka dakatar da ƙunshin, hidimominsa su fita daga rajista da kansu, a sanar da masu saurare. Wannan yana yiwuwa ne saboda ba a barin kowa ya yi rajista da hannu wofi. Sai ta hannun wata alamar da ke nuna ko shi wane ne. Darasin ƙira a nan ƙarami ne amma mai nauyi: kada ƙofar "ajiye" ta karɓi suna da kaya kawai, ta karɓi mai kayan ma.

In sassan suna kwamfutoci daban-daban, lamarin ya ƙara cakuɗewa, domin wanda ya mutu ba ya sallama. ZooKeeper, wata rajistar da kwamfutoci da yawa ke rabawa, wadda aka fara ginawa a Yahoo, tana da layukan da ke raye muddin zaman wanda ya rubuta su yana raye. Ya daina aiko da alamar numfashi, layin ya ɓace. A etcd, wata irinta wadda kamfanin CoreOS ya fitar a 2013, haya ake karɓa mai wa'adi, a riƙa sabuntawa. Wa'adin nan kuwa ciniki ne da ba a cin riba biyu. Ka gajarta shi, ɗan tsaikon hanyar sadarwa ya sa a shelanta mutuwar mai rai. Ka tsawaita shi, matacce ya daɗe a jerin masu rai ana ta tura masa aiki. Babu lambar da za ta kawar da duka biyun, don haka duk mai ɗauko adireshi daga irin wannan rajista ya ɗauka labarin ɗazu aka ba shi, ya shirya wa ƙwanƙwasa ƙofar da ba kowa.

Hannu biyu a kwano ɗaya, da masu jiran labari

Kubernetes, wadda Google ta buɗe kod ɗinta a 2014 ta kuma kai zubi na 1.0 a 2015, ita ce rajistar gama-gari mafi nasara da na sani, ko da yake ba haka aka saba kallonta ba. Duk abin da ke cikinta siffa ɗaya gare shi daga waje: nau'i da zubinsa, sai wani kai mai ɗauke da suna, lambar shaida, masu mallaka da lambar sauyi, sannan cikin, wanda kowane nau'i ke cikawa yadda ya ga dama. Umarnin ma 'yan kaɗan ne, iri ɗaya ga kowa. Rabon aikin a bayyane yake: kan na rajista ne, cikin na masu kaya.

Ga yadda take raba gardamar marubuta biyu. Ɓangaren farko ya karanta wani abu, ya same shi da lambar sauyi, a ce 500. Na biyu ma ya karanta, 500. Na farko ya gyara ya mayar, yana cewa a kan 500 na yi gyarana. Aka karɓa, lambar ta matsa gaba. Na biyu ya zo da nasa gyaran, shi ma a kan 500. Sai a ƙi, a ba shi amsa mai lamba 409, ma'ana an riga ka, koma ka sake karantawa. Ba a kulle komai ba, ba wanda ya tsaya jiran wani, kuma ba a goge aikin kowa a ɓoye ba. Daga baya ma suka ga wannan bai isa ba, domin sassa biyu kan so gyara gurabe daban-daban na abu ɗaya. A zubi na 1.22, shekarar 2021, tsarin da ke rubuta wane ɓangare ne ke da wane gurbi ya kammala. Mallaka ta sauko daga kan abu gaba ɗaya zuwa kan gurbi ɗaya-ɗaya. Kuma in aka shafe uba, 'ya'yan da suka rubuta sunansa a jerin masu mallakarsu ana share su a bayansa, abin da rajistar Windows ba ta taɓa iyawa ba.

Sai umarni na huɗu, "sanar da ni". Shi ne ya fi kowanne yaudara. Mai saurare yana iya yin barci, hanyarsa ta yanke, ko labarai su yi masa yawa. A ZooKeeper ta asali, saurare na sau ɗaya ne: an sanar da kai, sai ka sake yin rajistar saurare, kuma abin da ya canza sau uku a tsakanin nan ba za ka ga matakansa ba. A Kubernetes, ka fara karɓo jerin komai tare da lambar sauyi, sannan ka ce a ci gaba da ba ni labari daga wannan lambar. In ka daɗe ba ka nan har tarihin ya shuɗe, a ba ka 410, ka koma ka ɗauko jerin daga farko. Shi ya sa ake rubuta sassanta da wata ɗabi'a: sanarwa ba ta nufin "ga abin da ya faru, yi kaza", tana nufin "je ka duba". Ɓangaren ya dubi yadda abu yake yanzu, ya gwada da yadda ake so ya kasance, ya gyara bambancin. In sanarwa goma suka ɓace, ta sha ɗaya ta wadatar.

Ko a ƙaramar rajista ta cikin manhaja ɗaya akwai tarko a nan. In rajista ta kira mai saurare tana riƙe da kulle, shi kuma ya juyo ya nemi yin rubutu a cikinta, kowa ya tsaya jiran kowa har abada. A saki kulle tukuna, sannan a yi kira.

Bayanai kuma suna canza siffa da shekaru. Wannan fage ne mai faɗi, zan taɓa shi sama-sama. A Protocol Buffers, tsarin da ake shirya bayanai da shi don aikawa tsakanin manhajoji, kowane gurbi lamba gare shi, kuma doka ce kada a sake amfani da lambar gurbin da aka cire, a killace ta. Rajistar siffofi ta Confluent, wadda ake haɗawa da Kafka, manhajar isar da saƙonni tsakanin sassa, tana sa baiti 5 a gaban kowane saƙo, 4 daga ciki lambar siffar da aka rubuta shi da ita, kuma tana ƙin karɓar sabuwar siffar da ba za ta iya karanta tsofaffin saƙonni ba, sai in an canza mata saiti. Kubernetes da kanta ta fara da barin mutane su ƙirƙiro nau'insu ba tare da dole su bayyana siffarsa ba. A zubi na 1.16, a 2019, bayyana siffar ya zama wajibi, kuma gurbin da ba a san shi ba ana yanke shi. Sun fara da sassauci, jiki ya gaya musu.

Akwai masu cewa a bar rajistar ma gaba ɗaya, kuma hujjarsu ba ta wasa ba ce. A 2004 masanin ƙirar manhaja Martin Fowler ya yi wani rubutu da ya gwada hanyoyi biyu: ɓangare ya je rajista ya nemo abin da yake buƙata, ko kuwa a miƙo masa buƙatunsa a hannu lokacin da ake gina shi. Masu sukar hanya ta farko suna cewa tana ɓoye gaskiya. Ka dubi ƙofar ɓangaren buga rasit, ka ga rajista kawai yake karɓa. Sai ka karanta cikinsa layi-layi kafin ka gano yana buƙatar firinta, da farashi, da agogo, da sunan mai kanti. Na yarda da su a kan abin da aka san shi tun ranar rubuta kod. In ka san mai buga rasit yana buƙatar firinta, miƙa masa firinta, ba sai an bi ta rajista ba. Inda ba na tare da su shi ne abin da ba a sani ba sai manhaja tana gudana: ƙarin sassan da wasu za su rubuta bayan shekara biyu, dubban abubuwan da ake haifa ana kashewa a cikin wasa, kwamfutocin ba da hidima da ke tashi suna faɗuwa. A nan babu wanda zai miƙa maka a hannu, domin ba wanda ya san su tukuna.

Masu C++ suna da nasu ciwon kan na daban. Salon da kowane ɓangare ke yin rajistar kansa kafin manhaja ta fara yana da kyau a ido, amma harshen bai yi alƙawarin wane fayil zai riga wane ba, don haka ɓangare na iya zuwa yin rajista ya tarar rajistar kanta ba a gina ta ba. Wani lokaci ma, in ɓangaren yana cikin ɗakin karatu da ake haɗewa a jikin manhaja kuma ba wanda ya kira sunansa kai tsaye, manhajar haɗawa sai ta ɗauka ba a buƙatarsa ta yar da shi, rajistarsa ta bi shi. Na fi son a ware lokaci biyu a fili: lokacin rajista, da kowa zai kawo nasa amma ba mai ɗauka, sannan a rufe, a shiga lokacin aiki. Duk abin da ya ɓace za a gane shi a kan iyakar nan.

Saura batun ko rajistar ta zama guda ɗaya tilo da ake samu daga ko'ina a cikin kod. Ɗakin karatun Prometheus na Go, wanda manhajoji ke amfani da shi su yi rajistar ma'aunansu, yana da irin wannan ta kowa, kuma ita mutane suka fi kamawa saboda sauƙi. Sai ranar gwaji: gwaji na farko ya gina ɓangare ya yi rajistar ma'auninsa, na biyu ya sake gina ɓangaren, MustRegister ta tarar da sunan yana nan, komai ya faɗi. Ɗakin karatun yana da NewRegistry, mai ba ka sabuwa fil, kuma ɓangaren da aka rubuta shi yana karɓar rajista a matsayin abin da ake miƙo masa, kowane gwaji sai ya ba shi tasa. Wanda aka rubuta shi yana miƙa hannu kai tsaye zuwa ta kowa da kowa kuwa, sai an buɗe cikinsa an sake ɗinki kafin a iya gwada shi sau biyu a jere.